CC 40100: Kan jirgin ƙasa da aka ƙera don wutar lantarki iri huɗu

Daga birnin Paris na Faransa zuwa Bruxelles, babban birnin Beljiyam, tafiya ce ta kusan kilomita 310 a tsohon layin dogo. Faɗin dogon ɗaya ne daga farko har ƙarshe, wato milimita 1,435, amma wutar lantarkin da ke cikin wayar sama ta sha bamban da zarar an ƙetare iyaka. A ɓangaren Faransa bolt 25,000 ne, a ɓangaren Beljiyam kuwa bolt 3,000. Idan jirgin ya zarce Amsterdam sai ya tarar da bolt 1,500, idan ya karkata zuwa Jamus sai ya haɗu da bolt 15,000. Kan jirgin da aka ƙera don ɗaya daga cikinsu ba ya iya aiki da sauran.

Domin warware wannan matsala ne kamfanin jiragen ƙasa na Faransa, SNCF, ya sa aka ƙera masa wani samfurin kan jirgi mai suna CC 40100. Guda goma kacal aka yi, amma sun shekara 32, daga 1964 zuwa 1996, suna jan jiragen da suka fi kowanne daraja tsakanin Faransa da maƙwabtanta na arewa. Tarihinsu na nuna irin tsadar da ƙasashe ke biya idan kowacce ta shimfiɗa layin dogonta ba tare da ta dubi na maƙwabciyarta ba.

Yadda aka yi wutar ta bambanta

Ƙasashen Turai ba su sa wa layukan dogonsu lantarki a lokaci guda ba. Kowacce ta zaɓi abin da fasahar zamaninta ta ba ta dama, da kuma abin da masana'antunta suka iya ƙerawa.

Wutar lantarki, ko kuran kamar yadda ake cewa a Nijar, iri biyu ce. Akwai mai gudu a miƙe ta fuska ɗaya, irin ta batir. Akwai kuma mai kai-da-komo, irin wadda ke shigowa gidajenmu, wadda ke juya fuska sau da yawa a cikin daƙiƙa guda. Injunan jan jirgi na farkon ƙarni na 20 sun fi jituwa da miƙaƙƙiyar wuta, shi ya sa a 1920 Faransa ta tsayar da bolt 1,500 na irin wannan wuta, ta kuma baza shi a layukan kudu. Holan ma shi ta ɗauka. Beljiyam, wadda ta fara da layin Bruxelles zuwa Anvers a 1935, ta zaɓi bolt 3,000, kamar Italiya.

Jamus da Ostiriya da Suwizalan sun bi wata hanya dabam. Sun ɗauki wuta mai kai-da-komo ta bolt 15,000, amma suka rage saurin juyawarta zuwa sau 16 da biyu bisa uku a daƙiƙa, kashi ɗaya bisa uku ke nan na wutar gari, domin injunan lokacin su iya jure ta.

Bayan yaƙin duniya na biyu sai injiniyoyin Faransa, ƙarƙashin jagorancin Louis Armand, suka gwada amfani da wutar gari kai tsaye, mai juyawa sau 50 a daƙiƙa, a kan bolt 25,000. Gwajin ya yi kyau, kuma a tsakiyar shekarun 1950 aka sa ta a layin Valenciennes zuwa Thionville mai ɗaukar kwal da tama. Daga nan ta mamaye arewaci da gabashin ƙasar. Faransa ita kanta ta zama mai wuta iri biyu.

Dalilin fifita bolt mai yawa a lissafi yake. Kan jirgin da ke buƙatar kilowat 4,480 zai zuƙi kusan amfiya 3,000 a ƙarƙashin bolt 1,500, amma a ƙarƙashin bolt 25,000 amfiya 180 ta ishe shi. Idan amfiya ta yi yawa dole waya ta yi kauri, turakun da ke ɗauke da ita su yi ƙarfi, tashoshin rarraba wuta su kusanci juna. Da bolt 25,000 sai aikin ya yi sauƙi, kuɗin ya ragu. To amma ƙasashen da suka riga suka kashe dukiya a kan tsohon tsari ba su da niyyar tuge shi, don haka kowa ya zauna a kan nasa.

Jiragen TEE da jiran bakin iyaka

A watan Maris na 1957 ƙasashe shida suka sanya hannu a yarjejeniyar Roma, wadda ta kafa kasuwar bai ɗaya ta Turai. A watan Yuni na shekarar aka ƙaddamar da jiragen Trans-Europ-Express, waɗanda aka fi sani da TEE, bisa shawarar shugaban kamfanin jiragen ƙasa na Holan, Frans den Hollander. Manufar ita ce ɗan kasuwa ko jami'in gwamnati ya bar gida da safe, ya yi taronsa a babban birnin wata ƙasa, ya dawo ya kwana a gidansa. Kujerun duka na aji na ɗaya ne, ana cin abinci a ciki, jami'an kwastan da ƴan sanda kuma suna duba takardu jirgi na tafiya, ba sai an tsaya ba.

Da farko da man dizal jiragen TEE ke aiki, saboda dizal bai san bambancin waya ba. Jirgin lantarki kuwa sai ya tsaya a tashar iyaka, a kwance kan da ya kawo shi, a ɗaura na ɗaya ƙasar, a gwada birki, kana a ci gaba. Mintocin da ake ɓatawa a nan su ne ribar da jirgin sama ke ci a kan jirgin ƙasa.

A 1963 aka kammala sa wa layin Paris zuwa Bruxelles lantarki. A lokacin Bruxelles ta zama mazaunin hukumomin Turai, fasinjoji sun ƙaru, ƙananan jiragen dizal sun fara kasawa. Ana bukatar dogayen jirage masu taragai da yawa, da kan jirgi mai ƙarfi da zai ja su ya ƙetare iyaka ba tare da ya tsaya ba. Beljiyam ta riga ta ƙera guda biyar masu aiki da wuta iri uku, Faransa ma ta gwada guda biyu. Sai SNCF ya ga gara a yi mai gaba ɗaya, ya nemi kamfanin Alsthom, wanda yau ake rubutawa Alstom, ya ƙera masa mai iri huɗu.

Abin da ke cikinsa

Haruffan CC na nufin kan jirgin na zaune a kan rukunin ƙafafu biyu, kowane rukuni da sandar ƙafa uku, kuma duka shidan inji ne ke juya su. Tsawonsa ya kai mita 22, nauyinsa ya haura tan 100. Na farko-farko suna da ƙarfin kilowat 3,670, na baya kuwa an ɗaga shi zuwa 4,480. An tsara shi yadda zai iya kaiwa kilomita 240 a sa'a, amma iyakar da aka yarje masa a bakin aiki 180 ce.

Dabarar da aka yi ita ce a mayar da kowace irin wuta zuwa abu ɗaya kafin ta isa injunan. Injunan da miƙaƙƙiyar wuta suke aiki. A ƙarƙashin bolt 1,500 ana ba su wutar kai tsaye. A ƙarƙashin bolt 3,000 sai a jera su bi da bi, su raba ƙarfin a tsakaninsu, kada ya fi ƙarfin ɗaya. A ƙarƙashin bolt 25,000 ko 15,000 kuwa, wutar na fara shiga babbar taransifoma ta rage mata ƙarfi, daga nan ta ratsa na'urar da ke miƙar da ita, sannan ta isa injunan kamar dai daga wayar bolt 1,500 ta fito.

A faɗe abin da sauƙi, amma a fasahar farkon shekarun 1960 sai da aka sha fama. Taransifomar da za ta ɗauki wutar Jamus mai jinkirin juyawa dole ta fi ta Faransa girma da nauyi, ga kuma dokar da ta ƙayyade nauyin da kowace sandar ƙafa za ta ɗora wa dogo. Wannan na cikin dalilan da suka sa aka ba shi sanduna shida da doguwar jiki, aka kuma yi ta neman inda za a rage nauyi.

A kan rufinsa akwai hannuwan ƙarfe huɗu masu miƙewa su taɓa waya, waɗanda ake kira fantogaraf. Ba don ado aka yi su huɗu ba. Faɗin bakin hannun da wata ƙasa ta yarda da shi ya bambanta da na wata, kuma wanda zai ɗauki amfiya dubbai ba zai zama iri ɗaya da mai ɗaukar ɗari biyu ba.

Yadda ake ƙetare iyaka kuwa, a kusa da Quévy, tashar farko ta Beljiyam a kan hanyar Bruxelles, akwai ɗan tsaki na waya da ba wuta a cikinsa, wanda ya raba tsarin ƙasashen biyu. Kafin a iso shi matuƙi na katse wuta, ya sauke hannun ƙarfen, jirgin ya ci gaba da gangarawa da saurin da ya ɗauko. Sai ya murɗa maɓallin zaɓen wuta zuwa na ƙasar da aka shiga, ya ɗaga hannun da ya dace. Wata na'ura na fara ɗanɗana wutar da ke cikin wayar, idan ta yi daidai da abin da matuƙi ya zaɓa sannan ta bari a haɗa. In ba haka ba, kuskure ɗaya ya isa ya ƙone injunan. Fasinjan da ke cin abinci a ciki sau da yawa ba ya ma sanin an yi.

Bambancin bai tsaya ga wuta ba. A Faransa da Beljiyam jirage hannun hagu suke bi, a Holan da Jamus hannun dama. Alamomin hanya da na'urorin da ke taka birki idan matuƙi ya yi sakaci su ma kowace ƙasa da nata. Kan jirgin da zai shiga wata ƙasa sai ya ɗauki kayan tsaronta, matuƙinsa kuma ya san dokokinta.

Karyayyen hanci

Abin da ya sa jama'a suka riƙe CC 40100 a ka shi ne fuskarsa. Mai zanen fasali Paul Arzens ne ya tsara ta. Maimakon gilashin gaba ya kwanta baya kamar na mota, sai ya tunkuɗo samansa gaba, ƙasan kuma ya turo hanci. Wanda ya kalle shi daga gefe zai ga kamar ɗan tsere ne ya duƙa yana jiran a busa usur. Faransawa suka laƙaba wa wannan fasali nez cassé, wato karyayyen hanci. Amfaninsa shi ne rage ƙyallin rana a gilashi, hancin da ya turo kuma na ba matuƙi ɗan kariya idan an yi karo.

An lulluɓe gefunansa da ƙarfen da ba ya tsatsa mai layi-layi, da jan zane, domin ya dace da sababbin taragan TEE na layin Paris, Bruxelles da Amsterdam da suka fito a 1964. Kai da taragai suka zama tamkar abu guda mai sheƙi.

Shi ne ɗan fari a wannan fasali. Bayansa aka yi CC 72000 mai dizal, da CC 6500, da BB 15000, da BB 7200, da BB 22200, duka da karyayyen hanci. An kuma sayar da danginsu ga Holan, Fotugal, Sulobeniya, Koriya ta Kudu da Maroko, inda suka daɗe suna jan jirage.

Shekaru 32 a bakin aiki

An kawo guda huɗu na farko a 1964, sauran shidan a 1969 da 1970. Ma'ajiyarsu ita ce La Chapelle, dab da tashar Gare du Nord a Paris. Sun ja jiragen TEE masu sunaye irin su Étoile du Nord, Île de France, Oiseau Bleu da Brabant, daga baya aka ƙara Memling da Rubens a 1974. Tafiyar Paris zuwa Bruxelles ba tsayawa takan ɗauki kimanin sa'a biyu da rabi. Sun kuma yi aiki a hanyar Liège, ta iyakar Jeumont.

Ɗaya daga cikinsu, mai lamba 40106, bai yi tsawon rai ba. A 1969, yana sabo fil, ya yi karo da babbar mota a wata mararrabar titi da dogo a Beljiyam, ya lalace gaba ɗaya. Bayan ƴan shekaru aka ƙera wani aka ba shi lambar, adadin ya koma goma.

Abin mamaki a tarihinsu shi ne, wutar Jamus da aka sha wahalar tanadar mata wuri kusan ba su yi amfani da ita ba, domin ba a sa su jigilar yau da kullum a can ba. Wannan aiki ƴan'uwansu na Beljiyam ne suka yi shi. Kamfanin SNCB ya sayi guda shida a 1973 da 1974 bisa tsari ɗaya, ya kira su samfuri na 18, kuma su ne suka riƙa kaiwa birnin Kolon. Jamus ma ta ƙera nata masu wuta huɗu, E 410, guda biyar kawai.

Wannan ƙarancin adadi na da dalili. Kan jirgi mai wuta huɗu ya fi na gama-gari tsada wajen saye, ya fi shi wuyar gyara, kuma a kullum yana yawo da nauyin kayan da ba ya amfani da su a lokacin. Da yake su goma ne kacal, kayan gyaransu ba su da yawa a kasuwa, ƙwararrun da suka san cikinsu ma ƙalilan ne. Shi ya sa a yawancin iyakokin Turai aka ci gaba da sauya kan jirgi har shekaru da dama, aka bar masu wuta da yawa ga layukan da fasinjojinsu ke iya biyan kuɗin sauri.

Yadda zamaninsu ya wuce

Tun daga shekarun 1970 jirgin sama da manyan titunan mota suka fara janye masu kuɗi daga TEE. Jirgi mai aji na ɗaya zalla ya daina cika, aka riƙa ƙara masa taragan aji na biyu, kuma a 1987 aka kafa tsarin EuroCity wanda ya gaji mafi yawan layukan. CC 40100 sun ci gaba da ja, sai dai tsufa ya fara kama su.

Wanda ya yi musu ritaya shi ne jirgi mai tsananin gudu. An buɗe sabon layin arewacin Faransa a 1993, sannan a watan Yuni na 1996 jiragen Thalys suka karɓi hanyar Paris, Bruxelles da Amsterdam. A wannan shekara aka ajiye CC 40100 na ƙarshe. Da aka buɗe ɓangaren Beljiyam na sabon layin a watan Disamba na 1997, tafiyar ta dawo sa'a ɗaya da minti 25. Na Beljiyam su ma aka ajiye su a 1999.

Guda uku sun tsira daga hannun masu yankan ƙarfe. Mai lamba 40101 na gidan tarihin jiragen ƙasa na Cité du Train a Mulhouse, an adana 40109, ita kuwa 40110 wata ƙungiyar masu kishin tarihin dogo ce ta riƙe ta, ta gyara ta har ta riƙa jan jiragen yawon buɗe ido.

Dabarar kuwa ba ta mutu ba. Jiragen Thalys masu zuwa Kolon, waɗanda tun 2023 suke ɗauke da sunan Eurostar, su ma da wuta iri huɗun nan suke aiki. Ci gaban na'urorin sarrafa lantarki ya sa abin da a da yake cike ɗaki yanzu ya koma ƴan akwatuna, har kamfanoni irin su Siemens da Alstom na ƙera ɗaruruwan kawunan jirgi samfurin Vectron da Traxx masu ratsa ƙasashe da kaya. Ragowar aikin da Turai ke fama da shi yau shi ne haɗa na'urorin tsaro a tsari ɗaya mai suna ETCS, aikin da ya ci shekaru da kuɗi masu yawa, bai kuma ƙare ba.

Abin dubawa ga masu shimfiɗa dogo yanzu

A Afirka akwai misalin da ya kauce wa wannan tarko. Layin Addis Ababa zuwa Jibuti, mai tsawon fiye da kilomita 750, wanda ya fara jigilar kasuwanci a 2018, an gina shi da faɗin milimita 1,435 da wutar bolt 25,000 a ƙasashen biyu. Kan jirgi ɗaya ne ke ratsa iyakar, ba ya bukatar taransifoma ta musamman ko hannuwa huɗu, saboda an yi shawara tun kafin a kafa turke na farko.

A yankinmu lantarki bai iso manyan layuka ba tukuna, amma akwai bambancin da ya fi na wuta wuyar magani, wato faɗin dogo. Tsofaffin layukan Najeriya, Ghana da Sudan milimita 1,067 ne. Na Kamaru da ya tsaya a Ngaoundéré, da na Cotonou zuwa Parakou a Benin, da na Abidjan zuwa Wagadugu, mita ɗaya ne, haka ma wanda aka shimfiɗa daga Yamai zuwa Dosso. Layin Kano zuwa Maraɗi mai kilomita 284, wanda aka aza harsashinsa a watan Fabrairun 2021, ya bi ta Daura, Katsina da Jibiya, milimita 1,435 ne. Ke nan a cikin Nijar kaɗai ana iya wayar gari da faɗin dogo iri biyu. Bambancin wuta kan jirgi na iya haɗiye shi kamar yadda CC 40100 ya yi, amma inda faɗi ya bambanta yawanci sai an sauke buhunan albasa da wake da siminti an sake lodi, kuɗin dako da na jira kuma a kan ɗan kasuwa da mai saye suke ƙarewa.

Akwai kuma abin da ba injiniya ne ke gyara shi ba. TEE ta yi sauri ne saboda gwamnatoci sun yarda a duba takardu cikin jirgi, kamfanonin dogo kuma sun yarda kan jirgin wani da matuƙinsa su shigo layinsu. Mazauna Maraɗi da Katsina sun ga yadda rufe iyaka daga 2023 zuwa farkon 2024 ya tsayar da kasuwanni. Kafin jirgin farko ya tashi daga Kano, tambayoyin da ya kamata ƴan majalisa da ƙungiyoyin ƴan kasuwa na ɓangarorin biyu su nemi amsarsu su ne: a ina za a duba kaya, wa zai tuƙa jirgin bayan Jibiya, wace alamar hanya za a bi, kuma idan ranar sa lantarki ta zo, wace wuta aka amince za a sa a wayar.